Wa Ya Sha Wutar Rumbu?

Wari ne ya fara tarar Insifekta Dachung tun kafin ya rufe ƙofar motarsa. Safiyar Litinin ce a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, tsakiyar watan Yuli, da irin zafin nan mai danshi da ke manna wa mutum riga a baya.

A ofis ba Insifekta ake ce masa ba, jami'in bincike ne a sashen sata na 'yan sanda. Amma mutanenmu da suka ji ɗan Jos ne, Hausa raɗau a bakinsa, sai suka naɗa masa Insifekta, ba su kuma nemi izinin kowa ba.

Wurin da aka kira shi tsohon shagon kujeru ne da aka mayar gidan raba abinci kyauta. Rumbu ake ce masa. Duk Asabar ake layi a ƙofar, baƙi da farare, 'yan Meziko da 'yan gida, ba a tambayar mutum cocinsa ko masallacinsa.

Mai riƙe da wurin, Mama Zipporah, tsohuwar nas ce 'yar Kagoro da ta yi ritaya ta ƙi zama. Ya same ta da safar roba har gwiwar hannu tana jan buhun kajin da suka lalace.

"Sannu Mama. Kawo in kama miki."

"Bar shi ɗana, kar ka ɓata rigar gwamnati."

Ta kai shi ƙofar ɗakin sanyi, ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Kullum da safe kafin in ajiye jaka sai na taɓa ƙofar nan na ji injin yana kaɗawa. Yau na taɓa, shiru. Madara, kaji, nama, duk sun tafi."

"An fasa ƙofa?"

"A'a."

"To me aka sata?"

"Wuta, ɗana. Wuta aka sata."

Dachung ya duba akwatin wuta. Makunnin layin ɗakin sanyi ya faɗi da kansa, kamar yadda yake yi idan an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ya bi waya har sito na baya, inda ake jibge kwalayen da ba komai a ciki. A jikin bango ya ga soket ya yi baƙi ƙirin. Ya durƙusa, ya sa 'yar filaya ya zaro wani guntun ƙarfe da ya narke a ciki. Ƙafar fulogi ce.

Sannan ya dubi ƙasa. An goge daɓen tas, har lungu-lungu.

"Mama, ke kika goge nan?"

"Ni da gwiwata? Rabona da shiga sito tun bara."

"Su wa ke da mukulli?"

"Ni, da Alhaji Amadou direbanmu, da Malam Ma'aruf mataimakin shugaban kwamiti." Ta ɗaga masa yatsa. "Kuma kar ka tsorata mini mutane."

Ya jefa ƙarfen a 'yar leda ya sa a aljihu.

Kafin ya tafi sai ga wata Baturiya da rigar kamfanin wutar lantarki. Misis Pegram sunanta, ita ke kula da shirin rangwame da kamfanin yake yi wa gidajen raba abinci. Mace ce mai magana a hankali, amma ba ta kwana-kwana.

Ta yi wa Dachung bayani da Turanci. Kamfanin yana yafe wa Rumbu kaso mai tsoka na kuɗin wuta, saboda a iya riƙe ɗakin sanyi dare da rana. Sharaɗin guda ne: kada a yi sana'a da wutar. To ga shi watanni ke nan, duk yammacin Asabar bayan an rufe, mita sai ta kama gudu har yammacin Lahadi, irin gudun da ake gani a gidan burodi.

"Ni na sa hannu aka ba su rangwamen nan, kuma ina alfahari da shi," in ji ta. "Amma ranar Juma'a zan miƙa rahoto. Idan ban san wa ya yi ba, dole in rubuta cewa Rumbu ne ya yi."

"In kin rubuta haka fa?"

Mama Zipporah ce ta amsa da Hausa. "Sai mu kashe ɗakin sanyi. Ba za mu iya biyan cikakken bil ba. Mu koma raba gwangwani da taliya, yara su manta da madara."

Ta faɗi haka ba tare da muryarta ta yi rawa ba, ta koma ga buhun kajinta. Abin ya taɓa Dachung ƙwarai, don ya san ba sisin kwabo take samu a aikin ba.

Washegari ya dawo ya sami Bebi, matashiyar da ke tsayawa a teburin nama ranar rabo. Bebi ba ta iya gajeriyar amsa ba, kuma ranar ma ba ta gwada ba.

"Yallaɓai, ni dama na ce akwai wani abu! Matan nan sun ishe ni. Kullum, Bebi ina tsoka? Bebi ko kare kika ɗauke mu? Wata 'yar Kumasi har ce mini ta yi wai ni nake kwashewa. Ni! Da ina kwashewa haka wuyana zai zama?"

"Daga ina naman yake zuwa?"

"Wata mai gona a Summerfield ke ba mu shanu. A kai mayankar Musulmi, a kawo mana cinya guda-guda. Da tsoka ce zalla. Yanzu kuwa, zo ka gani."

Ta buɗe wata ƙaramar firiza da ke gaba, wadda ba layinta ɗaya da ɗakin sanyi ba, shi ya sa ta tsira. Ta ciro leda. An ƙulle bakinta da kyau, cikinta kitse ne da jijiya.

Dachung ya ɗaga jijiya guda ya duba a haske. Doguwa ce, an fere ta fes, ko ƙwayar tsoka babu a jikinta.

"Wa yake yanka muku nama a nan?"

"Mu ne, da wuƙar kicin. Sara kawai muke yi."

"Wannan ba sara ba ne."

Ya tafi da ledar, Bebi tana ta kiran a dawo mata da ita don a lissafe take.

Shagon wanki da ke kusa yana da kyamara mai kallon gaban Rumbu, ba ta ganin ƙofar baya. A cikinta Dachung ya ga motar kaya ta Rumbu ta tsaya da hantsin Lahadi, Alhaji Amadou ya shiga, ya fito da jaka.

Ya sami Alhajin a ƙofar Rumbu yana wanke motar. Dogon dattijo ne ɗan Maraɗi, da furfura a gemu.

"Alhaji, ka zo nan ranar Lahadi?"

"Lahadi? A'a. Ina gida."

"Motarka fa?"

"Bon… ita ma tana gida."

Dachung ya nuna masa hoton a waya. Dattijon ya ajiye soso, kunya ta rufe shi.

"Fardon, Insifekta. Na yi ƙarya, Allah ya yafe mini. Akwai wani mutum, babban malami ne a gida, aikinsa na nan ya ƙare. Yana da 'ya'ya. Wallahi ya gwammace ya mutu da a gan shi a layi. Ni nake ɗaukar masa jaka in ajiye a ƙofarsa in buga in tafi. Sunansa kuwa, ko za ka rufe ni, ba zan faɗa ba."

"Ban tambaye ka ba. Mama ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Wa kake tsammani yake haɗa jakar ya ajiye maka bayan ƙofa?" Muryar Mama Zipporah ce daga taga. "Mala'iku?"

Alhaji Amadou ya buɗe baki ya kasa rufewa. Dachung ya danne dariya.

"Da ka shiga, ka ji wani abu?"

"Firigo, ɗakin sanyin nan, yana aiki lafiya. Amma daga sito na ji ƙara, vuuu, kamar fanka da yawa. Da ƙamshi."

"Ƙamshin me?"

"Citta, kanumfari, gyaɗa. Har na ce a raina, kai, yau Maraɗi ta biyo ni."

"Ba ka leƙa ba?"

"Wanda ya shigo a ɓoye ina shi ina leƙe-leƙe?"

Da yammacin Laraba Dachung ya nufi Sedgefield, unguwar da ciyawar ƙofar gida ma sai an yi mata aski daidai da ta maƙwabci. Malam Ma'aruf ma'aikacin kwamfuta ne a wani kamfanin inshora, kuma shi ya yi ta zirga-zirga har aka sama wa Rumbu rangwamen. Mutum ne mai fara'a, mai son a san asalinsa.

"Insifekta da kansa! Bisimilla, bisimilla. Hajiya, ga baƙo!"

"Yaushe rabonka da Rumbu, Malam?"

"Tun Babbar Sallah. Aiki ya yi yawa. Mukullin ma sai na nema."

Matarsa Hajiya Dalila ta shigo da tire: zoɓo mai sanyi da faranti cike da kilishi. Kilishin Malam Ma'aruf sananne ne a garin, ba a suna ko biki sai an yi odarsa.

"Ɗan Kano ne, wani ya taho mini da shi a jaka," in ji shi. "Ci ka ji gida."

Dachung ya gutsura. Kai, kilishin ya yi! Fale-fale kamar takarda, yaji ya ratsa shi, man gyaɗar bai ko fara tsami ba. Sai ya tuna da kilishin da gwaggonsa ta taɓa ƙullo masa daga Jos, wanda jami'an filin jirgi suka karɓe suka jefa a kwandon shara yana kallo, don ba a shigowa da nama ƙasar nan. Har yau abin yana masa ciwo.

"Wanda ya yanka wannan gwani ne."

"Ai mu muka san gwani," in ji Ma'aruf, ya gyara zama. "Kakana Sarkin Fawa ne. A gidanmu yaro ya yar da ko jijiya ce, sai ya sha bulala. Tsoho yakan ce rai aka ɗauka kafin a samu nama, ba a zubar da shi a juji."

"Da a nan ma yana yi," in ji Hajiya Dalila tana zuba zoɓo. "Rana ta ƙi busar masa, danshi ya yi yawa, sai ya sayo injuna. Bil ɗin wuta ya kusa kashe mu, maƙwabta kuma suka kai ƙara wai yaji yana sa su atishawa."

Ma'aruf ya yi tari. "Tsohon zance. Na sayar da injunan tuni."

Dachung ya shanye zoɓonsa, ya yi godiya, ya roƙi a ƙulle masa ɗan kilishi. Daga nan bai wuce gida ba, ya koma ofis neman takardar izinin bincike daga kotu.

Ranar Alhamis da la'asar kwamiti ya zauna a Rumbu, a kan kujerun roba. Misis Pegram tana gefe, Bebi tana fassara mata, tana ƙara gishiri. Malam Ma'aruf ya zo da farantin kilishi kamar yadda ya saba, ya ajiye a tsakiya.

Shi ya fara magana, da murya mai taushi.

"Jama'a, kowa ya san Anti Zipporah uwa ce. Amma shekaru sun ja, abubuwa suna wuce ta. Idan muka nuna wa kamfani mun canja shugabanci, wataƙila su tausaya. Ba don ni ba, don yaran da ke shan madara."

Alhaji Amadou ya yunƙura zai tashi, Mama Zipporah ta ɗaga masa hannu. Ta kwance mukullinta daga bakin zani, ta ajiye a kan tebur.

"In wannan zai sa injin ya ci gaba da kaɗawa, ga shi. Ku rubuta ni ce na yi sakaci. Ba sunana ake zubawa a koko ba."

Wallahi ko dutse ne a ƙirjin mutum sai ya motsa. Bebi ta kasa fassarawa, ta fashe da kuka.

Daidai nan Dachung ya shigo. Ya ajiye ledar kitse da jijiya kusa da farantin kilishi.

"Mama, ɗan dakata da mukullin nan. Malam Ma'aruf, kai ne masani. Duba mini wannan fiɗar."

Ma'aruf ya kalli ledar, bai taɓa ta ba. "Ragowar nama ce."

"Ragowar me? Mai miya ba ya cire jijiya haka. Mai tsire ma yana barin kitse. Mutum ɗaya ne ba ya son kitse ko kaɗan, don yana hana nama bushewa." Ya nuna farantin. "Mai wannan."

"Insifekta, masu kilishi suna da yawa a duniya."

"Masu mukullin Rumbu uku ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ɓarawo ya kwashe tsoka, ya goge daɓe don kar a ga sawunsa, me zai sa ya ƙulle jijiya a leda ya mayar firiza? Ga kwandon shara a bayan gini, da ya jefa shi ke nan. Sai jiya ka ba ni amsa da bakinka. Wannan mutumin ba zai iya ba. Tun yana yaro aka hore shi."

Gumi ya karyo wa Ma'aruf. "Wannan ai zato ne."

Dachung ya ciro 'yar ledar da ke aljihunsa, ya ajiye guntun ƙarfen a kan tebur.

"Wannan a soket ɗin sito na ciro shi. Abokan aikina suna garejinka yanzu da takardar kotu. Sun sami injunan busar da nama da ka ce ka sayar, an rufe su da bargo. Ɗaya fuloginsa ya ƙone, kuma ƙafa guda ce ta rage masa."

Ma'aruf ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Da inji ɗaya na fara," in ji shi a hankali. "Da namana. Na ce wutar nan ai ni na samo ta, kuma mai araha ce, wa zai ji a jikinsa? Oda ta yi yawa, na ƙaro injuna. Wata rana nama ya yanke mini, na ɗauki cinya ɗaya a ɗakin sanyi da niyyar in mayar. Ban mayar ba."

"Ranar Lahadi fa?"

"Na zo da yamma ta ƙofar baya, na tarar komai ya mutu, ana ƙaurin waya. Na kwashe injunan, na goge wurin."

"Ka san ɗakin sanyi ya tsaya?"

Ma'aruf ya sunkuyar da kai.

"Malam, ka sani?"

"Na sani. Na taɓa ƙofar, da sauran sanyi a jikinta. Na tayar da makunnin, ya sake faɗuwa. Na ciro waya zan kira Anti, sai na ce me zan ce ya kawo ni? Na mayar da ita aljihu."

"Innalillahi!" in ji Alhaji Amadou. "Da ka kira ni ma, da na kwashe kayan na raba gidajen mutane, kowa da firigonsa!"

Bebi ta share hawaye, ta fassara wa Misis Pegram komai, wannan karon ba ƙari. Baturiyar ta saurara har ƙarshe, ta rufe fayil ɗinta. Ta ce za ta rubuta cewa Rumbu aka cuta, ba Rumbu ne ya yi cuta ba, kuma rangwamen yana nan. Ta ƙara da cewa a shekarunta na wannan aiki ba ta taɓa ganin wanda aka zarga da satar wuta ya riga kamfani kiran 'yan sanda ba.

Dachung ya karanta wa Ma'aruf haƙƙoƙinsa da Turanci, ya maimaita da Hausa. Ya ciro ankwa.

"Ɗana," in ji Mama Zipporah, "akwai yara a waje suna wasa, sun san shi. Ba za ka bari sai kun shiga mota ba?"

"Doka ce, Mama."

Ta cire gyalen da ke kafaɗarta, ta jira aka sa ankwar, sannan ta yafa a kan hannayen mutumin da ya nemi a kore ta ɗazu.

Nan Ma'aruf ya karye. Hawaye ya zubo masa har gemu.

"Anti, ki yafe mini."

"Abin da ka faɗa a kaina na yafe tun kafin ka rufe baki. Naman kuwa ba nawa ba ne, Ma'aruf. Masu shi za su zo jibi su yi layi, in ce musu babu. Su za ka nema."

Dachung ya kama shi a gwiwar hannu suka fita. Farantin kilishin ma aka tafi da shi a matsayin shaida, Bebi tana bin sa da kallo tana cewa ashe tsokar da aka yi ta zaginta a kai ke nan.

Mama Zipporah ta ɗauki mukullinta ta ɗaure a bakin zani. Na Ma'aruf kuma ta miƙa wa Bebi.

"Ni, Mama?"

"Ke. Bakinki ba ya ɓoye komai, shi nake so."

Mai gyaran wuta ya riga ya canja wayar da ta ƙone tun da rana. Da ta zo fita, ta tsaya a ƙofar ɗakin sanyi, wanda aka wanke tas, ko kwalin madara ɗaya babu a ciki. Ta ɗora tafin hannunta a kai. Injin yana kaɗawa.

"Alhaji," ta ce, "sha mai a motarka. Gobe da sassafe za mu Summerfield, ni zan yi wa mai gonar nan bayani da bakina."